Tabarmar Gwaggo: Ciwon ɗiyata bakin mahaifina ne?

Assalamu alaikum Gwaggo. Da fatan kina lafiya, ya jikoki, ya zafi? Ni mutumin ƙasar Argungu ne, shekaruna 39. Daga gida nake rubuto miki, na zo duba Inna, kuma yau kwana huɗu ban runtsa ba.

A 2011, da na gama karatu a Birnin Kebbi, Baba ya ce in zauna in riƙe masa gonar fadama, in auri ɗiyar ƙanensa. Ni kuwa fataucin albasa ne a raina. Na yi istihara kwana bakwai ban ga komai a mafarki ba, na dai hau motar albasa daga Aliero sai Legas. Ranar tafiya Baba bai ce mini Allah ya kiyaye hanya ba. Cewa ya yi, "Tafi, duniya ce, ta ishi kowa riga da wando." Na zauna kasuwar Mile 12, na auri wata 'yar Zariya, 'ya'yanmu uku. Cikin shekara tara sau biyu kacal na taka gida, ko da yake duk kaka Baba yakan ba direbobi buhun shinkafa su kawo mini, ba wasiƙa ba saƙon baki. A daminar 2020, wadda ambaliya ta cinye shinkafar fadama, ya rasu. Kafin in iso an kai shi makwancinsa.

Ɗiyata ta biyu tana da sikila, bara kaɗai sau huɗu muka kwanta asibiti. Dangi suna cewa ruwa ba ya tsami banza, bakin Baba ne ya sauka kan yarinyar. Inna ta ce in dawo gida, in karɓi gona daga hannun ƙanena, in auri waccan 'yar'uwar tawa tunda mijinta ya rasu ta gama takaba, ko Allah ya sassauta. Gwaggo, ni na jawo wa yarinyar nan ciwo? In dawo?

Ɗanki, daga Argungu.

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan Baba, ya ba yarinya lafiya.

Sau uku na karanta wasiƙarka, kuma duk karatun a wuri ɗaya nake tsayawa, wurin da kai ka wuce da gudu: buhun shinkafa. Shekara tara mutum yana yanka, yana sussuka, yana auna buhu, yana neman direban da zai bi hanyar Legas. Ka taɓa ganin wanda ya yi wa ɗansa baki yana ciyar da shi? Iyayenmu maza na fadama ba su iya cewa "na huce" ba, nauyin baki gare su kamar dutsen niƙa. Da buhu suke faɗa. Ba zan ce maganar da ya sallame ka da ita mai daɗi ba ce, kuma na san hadisin da ya sa addu'ar mahaifi cikin waɗanda ba a mayarwa. Amma maganar mai jin zafi daban, ɗaga hannu a roƙar wa ɗa masifa daban. Kai ka riƙe kalma ɗaya ta ranar ɓacin rai, ka cinye amsa tara da tuwo ba ka karanta ko ɗaya ba.

To, batun yarinya. Sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini, gado ce ta jini, kuma sai ta ɓangare biyu take zuwa. Tunda ɗiyarka tana da ita, kai kana ɗauke da ƙwayar, matarka ma haka. Ku ne ake rubuta wa AS a takardar gwaji: lafiyarku ƙalau, ba ku ma san kuna ɗauke da komai ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, mai ciwon ke nan. Ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne lallai ba. Kowane ciki da lissafinsa, shi ya sa wani gida za ka ga biyu a jere, wani gidan babu ko ɗaya. Ƙwayar da ke jikinka kuwa ba a Mile 12 ka saye ta ba. Tun kana cikin Inna kake da ita, daga gare ta ko daga Baba. Shekara ashirin da wani abu kafin ku saɓa, tana nan. In kuwa ta wajen Baba ta biyo, ɗiyar ƙanensa ma tana iya ɗauke da ita, kakanku ɗaya. Ka ga ashe da ka yi biyayya ka aure ta a 2011, ba abin da ya ba ka tabbacin ba za ka kwana a bencin asibiti ba. A Birnin Kebbi kawai za ka kwana maimakon Legas.

Masu cewa ruwa ba ya tsami banza, ka tambaye su a hankali: Ubangijin da ya maimaita a Alƙur'ani cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, shi ne zai kama ƙashin yarinya saboda ubanta ya hau motar albasa? Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Annabi, yana cikin zafin rashin ɗa, bai bar maganar ta kwana ba. Ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Mu kuwa ko akuya ta karye sai mun nemo wanda ya jawo.

Na san wannan fassara ta dangi, don a kaina aka yi ta. Mu mutanen bakin ruwa ne ta ƙasar Yawuri. Ina 'yar shekara takwas aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya taso ya shanye gonakinmu, aka tashe mu. Wannan ba zaɓin kowa ba ne a gidanmu. Abin da mahaifina ya zaɓa shi ne, da ya ga ƙasar da ya dogara da ita ta koma ƙarƙashin ruwa, ya kama hannuna ya kai ni makarantar boko a Yelwa. Yayansa ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarsa. Da aurena na fari ya mutu, a tsakar gida Baffan nan ya ce ga abin da boko ke haifarwa. Bayan shekaru, da idonsa ya yi yana, albashina na koyarwa ne ya kai shi Sakkwato aka yi masa aiki. Muna dawowa, bakin nan dai nasa ya ce wa mutane ƙanensa mai hangen nesa ne, Allah ne ya nuna masa. Makaranta ɗaya, yarinya ɗaya. Ran da abu ya ɓaci ta zama azaba, ran da ya yi daɗi ta zama ilhama. Ban riƙe shi ba, Allah ya jiƙansa, har ya rasu ni ke kai masa goro. Amma tun daga nan na daina bari a karanta mini Lauhul Mahfuz a gindin murhu.

Istihara kuma, ban san wanda ya ɗaura mata mafarki ba. Abin da Annabi ya koyar, kamar yadda Jabir ya ruwaito, raka'a biyu ne da addu'a: in alheri ne Allah ya ƙaddara maka ya sauƙaƙa ya sa albarka, in sharri ne ya kawar da shi daga gare ka, ya kawar da kai daga gare shi. Babu barci a ciki, babu farin doki. Ka yi, hanya ta buɗe, ka bi. Fita neman halal kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Kakanninmu sun yi fataucin goro har Gwanja, kuma duk rani ƙauyukanmu na zubar da samari zuwa ci-rani.

Kada ka ɗauka wanke ka zan yi tas. Tafiyar ba ita ce laifinka ba, shirun ne. Sau biyu cikin shekara tara! Kai da motocin garinku ke sauke kaya a gabanka duk mako? Wannan gaba ce, ko ka kira ta kunya, ko ka kira ta hidimar kasuwa. Zumunta a ƙafa take, kai kuwa ka naɗe taka. Wannan ka nemi gafarar Allah a kansa, da sunansa, ka bar jingina shi ga jinin yarinya. Ƙofar kyautata wa Baba kuma ba ta rufe da kabari ba. An tambayi Annabi ko akwai sauran biyayya bayan mutuwar iyaye, ya ce akwai: yi musu addu'a, nema musu gafara, cika alkawarin da suka bari, sada zumuncin da ta wajensu yake, da girmama abokansu. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa sauka daga jakinsa ya ba wani balaraben ƙauye, ya haɗa masa da rawaninsa, don kawai uban mutumin abokin Umar ne. Baba yana da abokin da suke zama bayan la'asar, kowane tsoho yana da shi. Ka san gidansa? Ka tambayi Inna ko ya bar bashi?

"Da na zauna", "da na aure ta", waɗannan ka tofar da su. Hadisi ya hana ka cewa da na yi kaza da kaza ya faru. Ka ce Allah ya ƙaddara, abin da ya so ya aikata, don "da" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Mu ma mun ce da-na-sani ƙeya ce. Ita ce ta hana ka barci kwana huɗu.

Akwai mutum biyu da wasiƙarka ta ambata a tsaitsaye, su ne suka fi ba ni tausayi. Na farko ƙanenka. Shi ya zauna. Shi ya ja injin ban-ruwa a noman rani, shi ya tsaya ya ga ruwan 2020 ya haye shinkafar da ta kusa yanka, shi ya ɗauki makarar Baba. Yanzu a ce ka zo ka "karɓi" gona daga hannunsa? Da girman Inna, a nan ba ta yi daidai ba. Gonar nan gado ce tun ranar da Baba ya cika: Inna tana da tumuninta, sauran na 'ya'ya ne maza da mata, kowa da rabonsa. Ku kira malamin da ya san rabon gado, ko ku je gaban alƙali cikin lumana, a fayyace. In ka ga dama ka bar masa naka kason ya ci gaba da nomawa bisa yarjejeniya, a rubuta, a sa shaidu. Gonar da aka bari "ta gida" ba a raba ba, jikoki ke zuwa kotu a kanta.

Ta biyu matarka, wadda ko layi guda ba ka ba ta ba. Ita ke dafa ruwan zafi da tsakar dare tana gasa wa yarinya gaɓoɓi. Ta san ana shirya mata tashi daga Legas, da kishiya a kan hanya?

Ƙarin aure halal ne, ba ni da ta cewa. Amma ba magani ba ne, ba kuma kaffara ba. Baiwar Allah nan da ta fito takaba ba ragon sadaka ba ce da za a yanka don ciwo ya tafi. A tambaye ta ma tukuna ko tana so, bazawara ita ke da bakin kanta. In kuna son juna kuma kana da halin riƙe gida biyu da kuɗin magani, to kafin a kai goro ku je a gwada jininta. In AA ce, wato ba ta ɗauke da ƙwayar, ba za ku haifi mai sikila ba. In AS ce, ka riga ka san abin da kake sa hannu a kai, kuma wannan karon ba za ka ce ba ka sani ba. Sayyadina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sauran 'ya'yanka biyu ma a gwada su, su girma da sanin nasu.

Dawowa gida kuwa, ba zan yanke maka ba. Komawa ba faɗuwa ba ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kansa ya taɓa barin jama'a ya nufi gabas, zuciyarsa ta gaji da abin da yake gani. A Kano aka tsayar da shi, ya karantar, ya juyo, ga kabarinsa nan a Gwandu. Amma ka dawo don Inna ta tsufa tana bukatarka, ko don lissafin kasuwarka ya nuna za ka iya saye a Aliero wani ya sayar maka a can. Kada ka dawo don biyan tarar laifin da ba ka yi ba, don wanda ya dawo a haka, wata shida sai ya fara jin haushin kowa. Ka auna da yarinyar kuma: daga ƙauyenku zuwa asibitin da ke da jini da likitan yara tafiyar minti nawa ce, da dare, da damina? Sauron fadama ba wasa ba ne ga mai sikila, zazzaɓin cizon sauro na tayar mata da ciwo, haka sanyi, haka ƙishirwa.

Gobe da asuba dai ka bi ƙanenka gona, ka riƙe masa tiyo ko da ba ka iya ba, ka bar shi ya yi maka dariya. Inna kuma ka ce mata ka ji, kana shawara, kada ka musa mata a gaban mutane. Ina jin rabin maganar auren nan kewa ce, so take ta ga jikokin da ba ta sani ba. Ka kawo mata su. Sai dai ka bari hunturu ya wuce, kada kuma ka kai ga zafin Afrilu. Ka taho da gidan sauro da magungunanta da jarkar ruwa, kuma don Allah ba a motar albasa ba.

Gwaggonku, Birnin Kebbi.