Ƙanwata, ga inda ake amfani da shi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina aji ɗaya a Jami'ar Jos, kin haddace yadda ake lissafa sitandad dibiyeshin da makin z, amma ba ki ga amfaninsu ba tunda an riga an fitar da matsakaici. Ni ma haddar na yi a makarantar koyon jinya, sai da na fara awon yara abin ya zauna mini.

Ɗauki aji biyu. Na farko sun ci 48, 49, 50, 51, 52. Na biyu 30, 40, 50, 60, 70. Kowanne matsakaicinsa 50, amma ai kin san ba ɗaya suke ba. A aji na biyu cire 50 daga kowane maki: -20, -10, 0, 10, 20. In kika tara su haka sifili za ki samu, shi ya sa ake ninka kowanne da kansa, jimla 1000. Raba da 4, ki samu 250, bariyans ke nan. Sikwaya rut ɗinsa kusan 15.8, shi ne sitandad dibiyeshin. Aji na farko kuwa 1.6 kacal, domin makinsu a cure yake wuri ɗaya.

Shi makin z tambaya ɗaya yake amsawa: taku nawa mutum ya yi nesa da matsakaici, in kowane taku sitandad dibiyeshin guda ne? Cire matsakaici daga makin, raba da sitandad dibiyeshin. In bayanai suka bi zanen nan mai kama da ƙararrawa, kusan 95 cikin 100 tsakanin -2 da +2 suke faɗawa.

Jadawalin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 a kan wannan aka gina shi. Yaron da nauyinsa bisa tsayinsa ya sauka ƙasa da -2 yana da tamowa, ƙasa da -3 ta yi tsanani. Wata safiyar hunturu, irin sanyin nan namu na Jos, wata uwa daga Unguwar Rogo ta kawo ɗanta a naɗe cikin rigunan sanyi uku, a ido ka ce lafiya lau. Muka tuɓe shi, muka ɗora a sikeli, muka kwantar da shi a allon awon tsayi. Na bi jadawali da yatsa, wallahi sai da gabana ya faɗi: yana ƙasa da -3. Ranar aka sa shi a shirin abincin gyaɗar nan na fakiti. Da kilo kawai na duba, da na sallame su.

A jarrabawa ki lura da kyau: samfuri aka ba ki ko dukan jama'ar? In samfuri ne raba da n-1, wato yawan makin a cire ɗaya, shi ne 4 ɗin da muka yi a sama. In duka ne raba da n. Kalkuleta tana nuna amsoshin biyu a jere, a nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki. Allah Ya ba da sa'a.