Kayana sun fi na maƙwabcina kyau amma shi ake saya, me ya sa?

Ɗan'uwa wannan tambayar taka kusan duk sabon ɗan kasuwa sai ya yi ta. Gaskiyar magana kyan kaya shi kaɗai ba ya sayar da su. Tun 1960 wani malamin jami'a a Amurka ya tattara harkar cikin abu huɗu: kayan kansu, farashi, inda ake samunsu, da talla. Kai na farkon kawai ka riƙe.

Je ka tsaya kusa da maƙwabcin naka minti goma ka gani, ina kyautata zaton kafin kwastoma ya gama tambaya ya ciro masa kala biyu ya ɗora a hannunsa, ya san sunansa, in kaya suka iso ya tura masa hoto a WhatsApp, kai kuma kana zaune kana jiran inganci ya yi maka magana.

Kuma don Allah kar ka ce za ka karya farashi, shi ne kuskuren da na fi gani. Wani in ya ga araha sosai sai ya ɗauka jabu ne ya wuce. Fara tambayar waɗanda suka taya suka tafi me ya hana su saya.