Tambaya da Amsa: Iyakar Yin Ƙasa ga Ƙananan Jiragen Sama Masu Tashi Cikin Sahu

Tambaya: Malam, barka da aiki. Idan ƙananan jiragen sama uku ko huɗu suka jeru suna tafiya tare ƙasa-ƙasa, shin doka ta yi musu sassauci a kan iyakar da za su sauko, tun da ayari guda ne?

Amsa: Malam, babu wannan sassauci. A ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, jirgin da matuƙinsa ke tafiya da ganin ido ba zai sauko ƙasa da mita 150 daga doron ƙasa ko ruwa ba, sai lokacin tashi ko sauka. A saman gari ko taron jama'a kuwa, dole ne ya ɗara abu mafi tsawo da ke cikin kewayen mita 600 da aƙalla mita 300. Amurka na da irin wannan doka, sai dai a kan ruwa ko inda mutane ba su da yawa ta yarda a ƙara yin ƙasa, muddin za a bar ƙafa 500 (kimanin mita 150) tsakanin jirgi da kowane mutum, mota, jirgin ruwa ko gini.

Abin da ke rikita mutane shi ne, masu kula da zirga-zirgar jirage suna ɗaukar sahun a matsayin jirgi ɗaya wajen ba da hanya, amma iyakar yin ƙasa tana kan kowane matuƙi. Saboda haka jirgin da ya fi kowanne kusa da ƙasa shi ne abin dubawa, kuma galibi ba na jagora ba ne, domin mabiya sukan ɗan tsaya ƙasa da shi don su riƙa ganinsa sosai. Idan jagora ya karkata zai juya dama, wanda ke gefen damansa sai ya ƙara nutsewa domin ya riƙe gurbinsa, alhali idonsa na kan fiffiken jagora, ba ya duban ƙasa balle agogon auna nisansa daga ƙasa. A ganina, jagoran da ya tsaya daidai a kan mita 150 ya riga ya jefa abokansa cikin karya doka, don haka wajibi ne ya ƙara tazara tun kafin ya juya.

Haɗarin ba na takarda ba ne. A watan Janairun 1982, jirage huɗu na tawagar Thunderbirds ta sojan saman Amurka sun faɗi tare a jihar Nebada lokacin atisaye, mabiya uku suna riƙe da sahunsu a bayan jagora har ƙasa, kuma duk matuƙan sun rasu.

Dokar Amurka ta kuma hana shiga sahu sai da yarjejeniyar matuƙin kowane jirgi, ta kuma hana ɗaukar fasinjan haya a ciki. Masu wasan jirage da kake gani suna shafar ƙasa a gaban 'yan kallo kuwa, sai sun sami izini na musamman daga hukumar ƙasar kafin su keta wannan iyaka.