Mawaƙiya ta rera waƙar da ta rubuta wa wata mawaƙiya: ƙarewar basira ce?

Malam, ka tambaya ko basira ce ke ƙare wa mawaƙi har ya koma rera waƙoƙin da ya rubuta wa wasu. Sam ba haka ba ne, kuma Miyuki Nakajima ta ƙasar Japan ta isa hujja.

A 1979 ta fitar da kundin Okaerinasai, inda ta tattaro waƙoƙin da ta ba wasu mawaƙa ta rera da bakinta. A farkon shekarar ta 1979 kuwa ta riga ta fitar da kundin sababbin waƙoƙi, to ina ƙarewar basira?

A cikin Okaerinasai akwai "Abayo", wadda Naoko Ken ta kai matsayi na ɗaya a jadawalin Oricon na waƙoƙin da aka fi saye a Japan a 1976, da "Shiawase Shibai" ta Junko Sakurada, da "Rouge" ta Naomi Chiaki. "Rouge" ɗin nan ce mawaƙiya Faye Wong ta rera da harshen mutanen Hong Kong a 1992, ta yi tashe matuƙa.

Don Allah ka saurari "Abayo" a bakin Ken, ka bi da ta Nakajima. Kalmomin ɗaya ne, mace ce da masoyi ya juya wa baya tana ƙoƙarin daurewa, amma ni ta Nakajima ta fi sosa min rai, don ita ta san inda kowace kalma ta fito.

Nakajima ta sake yin irin wannan kundi a 1985 da 1989.