Tambaya da Amsa: Korar Manoma daga Gonakinsu da Haƙƙin Samun Abinci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin labarin manoman da ake tasa daga gonakinsu domin a ba manyan kamfanoni fili su shuka rake, kwakwar manja ko kofi. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, yawancinsu ba su da takardar mallaka, kuma gwamnati ce da kanta ta ba da filin. To ta yaya ake cewa an tauye musu haƙƙin samun abinci?
Daga wani mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Sashe na 11 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin tattalin arziki, zamantakewa da al'adu ya tabbatar wa kowane mutum haƙƙin samun isasshen abinci. A 1999 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya fayyace cewa wannan haƙƙi ya ƙunshi damar da mutum yake da ita ta ciyar da kansa daga ƙasar noma, kuma nauyi na farko da ke wuyan gwamnati shi ne kada ta toshe wa mutane hanyar abincin da suke da ita. Manomi kuwa gonarsa ce rumbunsa, saboda haka ranar da aka raba shi da ita, ranar ce aka raba iyalinsa da tukunyarsu.

Batun takarda shi ne inda aka fi cutar talaka, domin akwai iyalai masu yawa da suka gaji gona kaka da kakanni ba tare da wani ya taɓa rubuta sunansu a ofishin filaye ba, sai a wayi gari an kira gonar tasu filin da babu mai shi. Ƙa'idojin da kwamitin samar da abinci na duniya ya amince da su a 2012 sun nemi gwamnatoci su mutunta halastacciyar mallaka, ko an yi mata rajista ko ba a yi ba. Rauninsu shi ne ba su da ƙarfin doka, kuma a ganina wannan giɓin ne ke ba masu iko damar yin gaban kansu.

Gwamnati tana iya karɓar fili domin amfanin jama'a, amma da sharaɗin a tuntuɓi mutanen tun da wuri, a ba su isasshen wa'adi da damar zuwa kotu, sannan a sama musu wata gonar ko cikakkiyar diyya. Diyyar kuɗi kaɗai ba kasafai take wadatarwa ba, domin kuɗi yana ƙarewa, aikin ƙodagon da ake yi musu alkawari kuma sau da yawa na ɗan lokaci ne.

Abin da ya faru a gundumar Mubende ta ƙasar Uganda ya nuna yadda neman haƙƙi ke jan lokaci. A watan Agusta na 2001 sojoji suka kori mutane kimanin 4,000 daga ƙauyuka huɗu domin a ba wani kamfanin kofi mallakar Jamusawa hayar filin. Mutanen sun shigar da ƙara a 2002, babbar kotu ta ba su gaskiya a 2013, amma a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta ce a sake shari'ar tun daga farko, shekara 14 bayan an rushe musu gidaje.