Ciwon Mara da Yawan Jinin Al'ada: Amsoshin Wasiƙunku

Tambaya: Anti, duk wata sai ciwon mara ya kwantar da ni kwana biyu. Farasitamol zan saya ko ibuprofen?

Amsa: Ibuprofen, 'yata. Wani sinadari ne mai suna prostaglandin ke sa mahaifa murɗawa, ibuprofen kuma rage shi yake yi, jinin ma yakan ragu. Ki fara sha da jin alamar farko, bayan kin ci abinci. In kina da gyambon ciki, ciwon ƙoda ko asma, tsaya a farasitamol da kwalbar ruwan ɗumi a mara. Asfirin kuwa ki bar shi, yana iya ƙara zubar jini.

Tambaya: Wace audugar mata ce ta fi riƙe jini? Duk awa ɗaya ko biyu nake canzawa, kwana 9 nake yi, ga jiri. Wallahi tsoro nake ji.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, kwantar da hankalinki, wannan abu yana da magani. Sai dai matsalarki ta wuce auduga. Jinin da ya haura kwana 7, ko yake zuwa guda-guda manya, ya yi yawa, jirin nan kuma alamar ƙarancin jini ce. Kuɗin audugar mai tsada, kai shi gwajin jini da hoton mahaifa. Sau da yawa ƙari ne, wato faibroid, wanda galibi ba daji ba ne. Likita na iya rubuta miki tranexamic acid, maganin rage zubar jini, na kwanakin al'ada, da maganin ƙarin jini, ko a sa miki robar mahaifa mai sinadarin levonorgestrel da ke rage jinin al'ada. Cikin makon nan za ki je asibiti.

Tambaya: Na ga tallar shayin "wanke mahaifa" a Facebook, wai yana narkar da ƙari cikin mako 2. In saya?

Amsa: Haba baiwar Allah! Mahaifa ba ta da dattin da za a wanke, kuma babu shayin da ke narkar da ƙari. Kwalba ba sunan kamfani, ba lambar rajista, ba ranar lalacewa, mai sayarwa bai taɓa duba ki ba, amma ya san ciwonki? Abin da ya fi ƙona min rai shi ne lokacin da ake ɓatawa. Mace ta shekara tana ɗirkar jiƙe-jiƙe, ta haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta duk wata wai sanyi ne, alhali ba a gwada ta ba, jini na ta tsiyayewa. Wata kuma endometriosis ke cin ta, wato tsoka irin ta shimfiɗar mahaifa ce ta tsiro a wajen mahaifar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata kusan miliyan 190 ke fama da ita. Ga masu tura wani abu cikin farji, su ƙone fata su janyo cuta da kuɗinsu.

Wadda kuma al'adarta ta yi jinkiri, sai ciwo mai tsanani ya turnuƙe ta a gefe guda na mara, kada ta tsaya sayen komai. Yana iya zama ciki ne a wajen mahaifa, a wuce da ita asibiti nan take.