Kafin ka yarda da bincike, duba da wa aka kwatanta

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce kana shirin rubuta kundin digiri na biyu, ka tara sababbin bincike kan harkar kuɗi da ilimi da lafiya, amma kanka ya ɗaure: yau wannan ya ce rance na fitar da mutane daga talauci, gobe wancan ya ce sam ba haka ba ne, ka rasa wanda za ka kama. Na daɗe ina aikin tattara bayanai da auna tasirin shirye-shiryen tallafi, don haka bari in gaya maka yadda ni nake tace su.

Duk takardar da ta zo hannuna, tun kafin in leƙa sakamakon, abin da nake fara nema shi ne da wa aka kwatanta waɗanda suka amfana. Akwai lokacin da wata ƙungiya ta ba mu aikin duba shirinta na ba mata 'yan kasuwa rance. Rahoton da suka riga suka rubuta ya nuna jarin waɗanda suka karɓa ya fi na waɗanda ba su karɓa ba nesa ba kusa ba. Da muka bi su gida-gida sai muka ga inda gizo ke saƙar. Waɗanda suka karɓa su ne masu rumfa tun asali, masu ɗan littafin da suke rubuta ciniki, waɗanda ake sanar da taro su riga kowa zuwa. Waɗanda ba su karɓa ba kuwa, wata tana jinyar miji, wata goyo ya riƙe ta, wata kuma tsoron bashi kawai take yi. Ratar tana nan tun kafin a ba kowa ko sisi, rahoton ya ɗauke ta ya ɗora wa rancen.

Kwatanta halin mutum kafin shiri da bayansa ma ba ya tsira. A zagayen farko, idan ka zauna da takardar tambayoyi ka ce wa magidanci nawa yake samu a wata, sai ya kalli takardar, ya kalli biron da ke hannunka, ya rage abin da zai faɗa, domin a zatonsa sunayen masu samun tallafi ake ɗauka. A zagaye na biyu jami'in ƙungiyar yana tsaye a gefe, kowa sai godiya da cewa kasuwa ta buɗe. Ka haɗa amsoshin biyu a kwamfuta, sai ga ci gaba ɓaro-ɓaro alhali babu abin da ya motsa.

Wannan matsalar ce ta sa masana tattalin arziki suka ari hanyar masu gwajin magani, wato raba mutane ko ƙauyuka ko makarantu ta hanyar ƙuri'a. Wasu su samu shirin, wasu su jira, kuma ba himmar mutum ko sanayya ce ta zaɓe shi ba. Idan bambanci ya bayyana daga baya, akwai dalilin jingina shi ga shirin. A kan wannan hanya aka ba Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer lambar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Abin da na lura da shi kuwa, mafi yawan lokuta idan aka yi wa wata babbar magana irin wannan gwajin, sai ta ƙanƙance.

Ƙananan rancen da ka ambata su ne misali mafi kyau. A 2006 an ba Muhammad Yunus da bankin Grameen na Bangaladash lambar Nobel ta zaman lafiya saboda aikinsu na ba talakawa ƙananan rance, duniya ta ɗauka an gano maganin talauci. A 2015 aka wallafa gwaje-gwaje 6 a tare, daga Bosniya, Habasha, Indiya, Meziko, Mongoliya da Maroko. Ƙasashe mabambanta, masu ba da rance mabambanta, amma labarin kusan ɗaya ne: wasu sun faɗaɗa sana'a, mutane sun samu sararin juya kuɗi, amma kuɗin shigar magidanta, idan aka ɗauki matsakaici, bai tashi yadda ake kururutawa ba. Haka kuma ba a ga an jefa jama'a cikin halaka kamar yadda masu suka ke cewa ba. Wani abin da ya ba mutane mamaki shi ne da yawa daga waɗanda aka kai wa rancen har ƙofa ba su ma karɓa ba. Da aka ci gaba da bin mutanen Haidarabad, birnin da aka yi gwajin na Indiya, sai aka ga waɗanda suka ci moriyar gaske su ne masu sana'a tun kafin rancen ya zo. To ka ga takardu biyun da ka ce suna karo da juna, ta yiwu kowace gaskiya ta faɗa: ɗaya ta kalli waɗannan 'yan tsirarun, ɗaya ta kalli kowa da kowa.

Akwai kuma inda gwajin ya rushe zato ta ɗaya ɓangaren. An daɗe ana cewa abin da aka ba mutum kyauta ba ya ganin darajarsa. Jessica Cohen da Pascaline Dupas suka gwada wannan da gidan sauro a asibitocin awon ciki a Kenya, aka wallafa a 2010. Ɗan kuɗi kaɗan da aka sa ya kori mafi yawan mata, waɗanda suka samu kyauta kuma sun rataya nasu daidai da waɗanda suka biya. Haka zancen cewa idan ka ba talaka tsabar kuɗi zai ƙare a giya da taba: David Evans da Anna Popova sun tattara bincike daga ƙasashe da dama, ba su ga hakan ba.

Ɓangaren ilimi shi ya fi taɓa ni, don na ga abin da idona. A Kenya, Paul Glewwe da Kremer da Sylvie Moulin sun gwada raba littattafan karatu a makarantun karkara. Kowa zai rantse sakamakon jarrabawa zai tashi. Bai tashi ba, sai ga yaran da dama can su ne zakarun aji. Dalilin shi ne littattafan da Turanci suke, wanda ga mafi yawan yaran harshe na uku ne, kuma an tsara manhajar ne da zaton kowane yaro ya riƙe abin da aka koyar bara. Wanda bai iya haɗa baƙi ba, ko littafi goma ka ba shi bai ƙaru da komai ba.

Lokacin da muke gwajin karatu a wasu makarantun firamare, na miƙa wa wani yaro ɗan aji biyar littafin ajinsu. Ya zuba shafin tun daga sama har ƙasa babu gargada, malaminsa yana murmushi. Sai na rufe sauran layukan da tafin hannu, na ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiyar shafi. Yaron ya yi shiru, ya ɗago ya kalli malamin, sannan ya koma layin farko ya fara jero haddarsa a hankali yana ƙirga kalmomi har ya iso inda yatsana yake. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, wallahi, amma bai iya karatu ba, kuma a rajista yana cikin waɗanda ake alfahari da su. Tun daga nan idan na ga bincike yana murna da yawan yaran da aka sa makaranta, sai in nemi inda ya auna abin da suka iya.

Ƙungiyar Pratham ta Indiya a kan wannan ta gina tsarinta: a gwada yara ɗaya bayan ɗaya, a raba su bisa matakin da suke a karatu ba bisa shekaru ko aji ba, a koya wa kowane rukuni daga inda ya tsaya. An gwada tsarin sau da dama a jihohin Indiya daban-daban, kuma abin da ya sa nake girmama wannan layin bincike shi ne ba su ɓoye inda bai yi aiki ba. Inda aka horar da malamai aka bar su da tsohon jadawali, sun koma koyar da manhaja kamar da. Sai da aka ware lokaci na musamman aka sa masu bibiya sannan abin ya kama.

Za ka kuma ci karo da alƙaluman Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022, cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta. Ka yi amfani da shi, amma ka rubuta cewa hasashe ne da aka lissafa bisa tsawon rufe makarantu lokacin korona. Adadin da aka ɗora lissafin a kai, na kafin annobar, kashi 57 ne. Na sha ganin ɗalibai suna kawo 70 ɗin kamar an bi yaran an ƙirga.

Kada kuma ka ɗauka duk abin da ya fito daga gwaji ya zama yankan wuƙa. Dubi rigimar maganin tsutsar ciki. Edward Miguel da Kremer sun wallafa a 2004 cewa raba maganin a makarantun firamare 75 a yankin Busia na Kenya ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kodayake makin jarrabawa bai ƙaru ba. Miliyoyin daloli sun bi wannan sakamakon. A 2015 wasu masana cututtuka a Landan suka karɓi ainihin bayanan suka sake lissafi, suka gano kurakurai, suka ce hujjar ba ta kai ƙarfin da ake ba ta ba. Marubutan sun amsa kurakuran amma suka tsaya a kan cewa jigon sakamakon yana nan. A 2021 kuma aka fitar da bibiyar waɗannan yaran bayan shekara 20, inda aka ce waɗanda suka fi daɗewa suna shan maganin suna samun kusan kashi 13 cikin 100 fiye da sauran a kowace awa ta aiki. Har yau ba a gama jayayya ba. A ganina mai rubuta kundi ya kawo ɓangarorin biyu, kuma ya lura cewa an iya yin rigimar ne saboda marubutan sun buɗe bayanansu. Akwai takardu bila adadin da ba wanda ya taɓa musanta su don kawai ba wanda ya taɓa ganin cikinsu.

Girman suna ma ba kariya ba ne. A 2010 Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff sun ce idan bashin gwamnati ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, bunƙasar tattalin arziki kan durƙushe. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙe maganar wajen kare tsuke bakin aljihu. A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon na Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, ya yi ta ƙoƙarin maimaita lissafin don aikin aji ya kasa. Ya nemi jadawalinsu na Excel, ya tarar an tsallake ƙasashe 5 wajen fitar da matsakaici, ga kuma wasu zaɓe-zaɓen lissafi da ake iya jayayya a kansu. Da shi da malamansa suka gyara, matsakaicin bunƙasar ƙasashen da bashinsu ya haura kashi 90 ya tashi daga ƙasa da sifili kaɗan zuwa kashi 2.2.

A fannin lafiya abin ya fi sauƙin gani. A farkon korona an cika duniya da ƙananan rahotanni cewa hydroxychloroquine na warkarwa. Gwajin RECOVERY na Birtaniya, wanda ya raba dubban marasa lafiya ta ƙuri'a, ya nuna a watan Yunin 2020 cewa ba ya rage mutuwa. Shi dai wannan gwajin ya gano dexamethasone, tsohon magani mai araha, yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma bai amfani waɗanda ba sa buƙatar oksijin ba. Wanda ya tsaya a kanun labari sai ya ɗauka magani ne na duk mai korona.

Gwajin ƙuri'a ma yana da iyakarsa, don kada ka je ka yi watsi da sauran hanyoyi gaba ɗaya. Ba za a raba ƙasashe ta ƙuri'a don gwada kuɗin ruwa ko dokar haraji ba. Abin da ya yi aiki a hannun ƙaramar ƙungiya mai sa ido dare da rana kuma, ba lallai ya yi ba idan ma'aikatar gwamnati ta karɓa za ta kai shi makarantu dubu.

Game da kundinka, fanni uku sun yi wa mutum ɗaya yawa. Ka zaɓi tambaya ɗaya ƙarama, ka fara da takardun da suka tattara bincike da yawa a kanta, irin na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya, idan lafiya ce, sannan ka gangaro kan ɗaiɗaiku. Mujallun ƙungiyar masana tattalin arziki ta Amurka suna wajabta wa marubuta ajiye bayanansu da hanyar lissafinsu, don haka kana iya sauke su ka maimaita jadawali ɗaya da kanka, za ka koyi abin da wata guda na karatu ba zai koya maka ba. Ƙungiyar tana kuma da rajistar gwaje-gwaje tun 2013, inda masu bincike ke rubuta abin da za su auna kafin su fara. Ka nemo abin da suka rubuta a can ka ajiye kusa da takardar da suka wallafa. Idan sun ce kuɗin shiga za su auna, sai ka tarar takardar ta cika da maganar kwanciyar hankalin magidanta, kuɗin shigar kuma yana can rataye a ƙarshe cikin wani ɗan jadawali, to da wannan jadawalin za ka fara.